Kafin Ka Ce A Yi Mata Fomat

(Kiɗan buɗe shiri)

 Jama'a masu sauraro, ga filinmu na faɗakarwa kan na'urorin zamani, daga nan Katsina, birnin Dikko. 

Yau zancen laftof za mu yi, da wata ɗabi'a da ta shige mana jiki har mun daina ganinta. Kwamfuta ta yi nauyi, a yi mata fomat. Ta ƙi kama intanet, a yi mata fomat. Ta yi zafi ta mutu da kanta, fomat. Bayan wata biyu ta koma gidan jiya, a sake ɗaukarta zuwa shago. Sannan ga wani sabon yayi da matasanmu suka shigo da shi, na ɗora Windows da Linux a kan laftof ɗaya, wani ma ya ƙara ta uku. Abubuwa biyun nan tare suke tafiya, domin wanda ya haɗa manyan manhajoji biyu ba tare da sanin kansu ba, shi ne ya fi kowa yawan sintiri wurin mai gyara.

Ku leƙa GRA da safe ku gani. Unguwar da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa ma'aikatansu a bayan ganuwa, tun bayan da Katsina ta zama jiha a 1987 ta cika da ofisoshi, makarantun kuɗi, asibitoci masu zaman kansu, otal-otal da ofisoshin ƙungiyoyin agaji. Kowane ɗaya daga cikinsu aikinsa a cikin laftof yake kwana: albashin ma'aikata, sakamakon jarrabawar yara, sunayen marasa lafiya, rahoton da za a aika Abuja. Da yamma kuma ga ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da na Al-Qalam, da na kwalejin Hassan Usman, kowa da tasa a jakar baya, a ciki akwai furojet ɗin da ya sha wahalar shekara guda a kansa. Mafi yawan na'urorin nan ba sabbi ba ne. Tokunbo ne da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka sauka Legas, suka bi ta Computer Village a Ikeja ko Beirut Road a Kano kafin su iso hannunmu. HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad. Na'urori ne masu ƙwari, ba na kushe su. Amma sun zo mana da shekarunsu.

To mene ne fomat ɗin? A cikin kowace kwamfuta akwai babbar manhaja, wadda ita ce ke tashi da farko ta riƙe ragamar komai, sauran manhajoji irin su Word da Chrome a kanta suke hawa. Windows babbar manhaja ce, Linux ma haka, macOS ta kamfanin Apple ma haka. Idan mai gyara ya ce zai yi fomat, abin da yake nufi shi ne zai share wurin da babbar manhajar take zaune a cikin ma'ajiyar kwamfutar, wato had dis, ya zuba sabuwa daga filas. Duk abin da ke wurin ya tafi: manhajojin da ka saka, kalmomin sirrin da burauza ta riƙe maka, da takardun da ka bari a kan fuskar kwamfutar. Abin da fomat ke iya gyarawa shi ne abin da ya lalace a cikin manhaja. Ƙarfe da waya da fanka da batir, fomat bai san da zamansu ba.

Bari in ba ku abin da na gani a wani shagon gyara, ba zan faɗi wanne ba. Wani dattijo, akawun wata makarantar kuɗi a GRA, ya shigo da laftof a naɗe cikin sallaya. Ya ajiye ta a kan teburi ya ce, "Injiniya, ta sake fa. Sai in kunna ta in je in yi alwala in dawo ba ta gama tashi ba." Yaron shagon ko buɗe ta bai yi ba ya ce, "Baba, ai sai fomat. Ka dawo bayan la'asar." Har ya miƙa hannu zai ɗauko filas, sai maigidansa, wanda ke can ciki yana cin abinci, ya ce a miƙo masa ita. Ya kunna, ya kara kunnensa a gefen da had dis yake. Shagon ya yi tsit, har ni daga inda nake zaune ina jin wani ɗan ƙas, ƙas, ƙas yana fita a jere. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, wannan ba ciwon Windows ba ne. Had dis ɗinka ne ke haramar tafiya. Akwai abin da ba ka da kwafinsa a ciki?" Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "Kuɗin makarantar yara na zango uku." Ranar ba a yi fomat ba. An kwana ana kwashe takardu a hankali, domin had dis mai wannan ƙara ko wane lokaci yana iya yin shiru na har abada.

Da yaron nan ya yi abin da ya yi niyya, kwamfutar za ta yi sauri na 'yan makonni. Dalili kuwa, sabuwar Windows ba ta da kaya a kanta, kuma za ta iya faɗawa kan ɓangaren faifan da bai lalace ba tukuna. Dattijo ya tafi yana sa albarka. Sai lalacewar ta ci gaba da yaɗuwa, ya dawo, a sake karɓar kuɗinsa. Ba na cewa masu gyara macuta ne. Fomat aiki ne mai sauƙi: ka soka filas, ka danna maɓalli biyar, ka koma kan wayar wani. Binciken ciwo kuwa yana cin lokaci, kuma mu masu kawo gyaran ba ma son biyan kuɗin bincike. Mun fi son a ce mana an yi wani abu.

Saboda haka kafin ka ɗauki laftof zuwa ko'ina, akwai binciken da kai da kanka za ka iya yi a gida. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare, wani allo mai suna Task Manager zai buɗe. A nan za ka ga abin da ke shan wahala. Idan had dis yana tsaye a kan kashi 100 cikin 100 alhali ba ka buɗe komai ba, kuma irin tsohon nan ne mai faifai da ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, to ka kama ɓarawonka. Maganinsa a canza shi da SSD, ma'ajiya marar faifai marar motsi. Ban san wani gyara ɗaya da ke farfaɗo da tsohuwar laftof kamar wannan ba. Idan kuma ram ne ya cika, giga 4 ne kawai a ciki kana buɗe shafuka ashirin a Chrome, ƙarin ram take nema. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, da ke karanta rahoton lafiyar da had dis ke rubutawa game da kansa. In ta nuna shuɗi, lafiya lau. In ta nuna rawaya ko ja, fara kwashe kayanka a daren.

Sai zafi, wanda mu a nan ba sai an ba mu labari ba. Hunturu ya cika fanka da ƙura, bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kai kuma ka ɗora laftof a kan katifa ko kafet ka toshe mata hanyar numfashi. Idan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, in abin ya yi yawa ta kashe kanta. Mai ita ya ce bairos ne. A buɗe ta, a hure ƙurar, a sake shafa man sanyaya ƙwaƙwalwar wanda ya bushe tun tana Turai, sai ka ga ta dawo hayyacinta.

Akwai dai lokacin da fomat ya zama dole, kada a ce na hana. In bairos ya yi katutu, irin wanda ke mayar da takardun filas su zama gajerun hanyoyi marasa buɗuwa, wanda ke yawo daga shagon buga takardu zuwa wani, ko kuma ka sayi tokunbo ba ka san abin da mai ita na baya ya bari a ciki ba, to sharewa ta fi. Amma a nan ma gizo ke saƙa. Da wace Windows aka yi fomat ɗin? Filas ɗin shago da yawa na ɗauke da Windows da wani ya taɓa, ya cire wannan ya ƙara wancan, sannan a bi ta da manhajar fasa lasisi, a kashe mata riga-kafi don fasawar ta yiwu. Irin wannan lasisin na bogi galibi kwana 180 yake yi, sai an sabunta, shi ya sa bayan wata shida rubutu ke fitowa a ƙasan allo yana neman a biya. Kuma manhajar fasawar kanta sau da yawa da ƙwayar cuta take zuwa. Ka je neman magani ka dawo da sabon ciwo.

Abin takaicin shi ne, da yawa daga cikin laftof ɗinmu suna da lasisinsu na halal ba mu sani ba. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, manyan kamfanoni suka daina manna takardar lamba a ƙasan laftof, suka koma dasa lambar lasisin a cikin allon na'urar kanta. In aka sauko da Windows ta asali daga shafin Microsoft, aka saka irin wadda na'urar ta zo da ita, Home a kan mai Home, Pro a kan mai Pro, tana hawa intanet za ta tabbatar da kanta. Saukowar na cin data sama da giga 5, ga filas mai giga 8, ga wata manhajar kyauta mai suna Rufus da ke shirya filas ɗin. Ka tambayi mai gyaranka daga ina tasa ta fito. Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Wani tarko kuma da ke kama mutanen ofis musamman shi ne BitLocker. Kulle ne da Windows ke yi wa ma'ajiya don ko an sace laftof ɓarawo ba zai karanta komai ba. Abu ne mai kyau, kuma sababbin Windows 11 kan kunna shi da kansu ba tare da ka lura ba. Makullinsa lambobi 48 ne, galibi suna ajiye a asusunka na Microsoft. To in mai gyara ne ya buɗe asusun da imel ɗinsa ranar da ya yi maka fomat, ko wani ɗan bautar ƙasa da ya gama ya koma garinsu, ranar da shuɗin allo ya fito yana neman lambobin nan ba wanda zai cece ka. Ko Microsoft ɗin ba ta iya buɗewa. Yau ɗin nan ka duba, ka rubuta lambobin a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardun gida.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da filin faɗakarwa kan na'urorin zamani. Mu juya kan masu haɗa manhajoji biyu.

Linux ba baƙuwa ba ce a duniya. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, ya sake ta kyauta kowa ya duba cikinta ya gyara. Wayar Android da ke aljihunka a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta, haka mafi yawan manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet. Kala-kala ce. Akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, akwai Linux Mint da ta biyo baya a 2006, wadda fuskarta ta fi kama da abin da mai Windows ya saba. Mu ma Najeriya mun taɓa shiga labarin. A 2007 aka yi cinikin ƙananan kwamfutocin 'yan makaranta na Intel Classmate guda 17,000, ɗauke da Linux ta wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva. Sai labari ya fito cewa za a share ta a ɗora Windows bayan an karɓi kayan. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi, jaridun fasaha na duniya suka yi ta yayatawa. Kun ga ashe rigimar wace manhaja za ta zauna a kan wace na'ura ta girmi yaran da ke yinta yanzu a ɗakunan kwanan ɗalibai.

Abin da ya sake tayar da zancen shi ne ranar 14 ga Oktoba 2025, ranar da Microsoft ta daina kula da Windows 10 bayan shekara goma da fitowarta. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da aiki, sai dai an daina toshe mata ƙofofin da ɓarayin intanet ke ganowa, in ban da ƙarin wa'adi zuwa 13 ga Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajistarsa. Wanda ya tuna WannaCry a watan Mayun 2017, cutar da ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ya san abin da rashin toshe ƙofa ke jawowa. An ce a koma Windows 11, amma ita tana da sharuɗɗa: tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, wato na wajen 2017 zuwa yau. EliteBook 840 G3, Latitude E7470 da ThinkPad T460 da suka cika ofisoshinmu zubi na shida ne. Lafiyarsu ƙalau, amma an ce ba su cancanta ba. Masu gyara na da dabarar tsallake sharaɗin su cusa Windows 11 da ƙarfi, tana kuma aiki, sai dai Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan gyara ba. Daga nan ne mutum ke jin an ce Linux kyauta ce, ba ta da nauyi, sai ya ce bari in haɗa biyun in ga.

Haɗawar tana yiwuwa. Ana raba ma'ajiya kashi-kashi, Windows ta ɗauki nata, Linux ta ɗauki nata, in ka kunna sai wani ɗan allo mai suna GRUB ya tambaye ka wacce za ka shiga. Amma ka sani kishiyoyi ka haɗa a gida ɗaya. Kowace da ɗakinta, sai dai zaure ɗaya suke shiga ta cikinsa, wani ɗan ƙaramin kashi a farkon ma'ajiya inda umarnin tashi yake. Amarya Linux ta san da uwargida, tana ma sa sunanta a jerin zaɓi. Uwargida Windows kuwa ba ta yarda akwai kowa a gidan ba. Shi ya sa ake fara saka Windows sannan Linux. In ka juya tsarin, ko ka sake yi wa Windows fomat daga baya, sai ta mamaye zauren, ka kunna ka ga Linux ta ɓace. Ba ta ɓace ba, tana nan da kayanta, hanyar shiga ce aka toshe. Danna F9 a kan HP ko F12 a kan Dell da Lenovo daidai lokacin kunnawa, sau da yawa za ka gan ta a jeri. Amma wanda bai sani ba sai ya share komai ya faro daga farko, fomat ya haifi fomat.

Ba laifin mai kwamfuta ba ne kullum. A watan Agustan 2024 Microsoft ta aiko da wani gyaran tsaro wanda aka ce ba zai taɓa masu manhaja biyu ba, amma ya taɓa su. Mutane a ƙasashe da dama suka wayi gari Linux ɗinsu ta ƙi tashi, sai wani saƙon keta dokar tsaro a baƙin allo. An ɗauki watanni kafin a kammala gyaran. Ka ƙaddara ranar kare furojet ɗinka ce.

Akwai ƙananan fitintinu kuma. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na agogo. Linux na saita agogon cikin na'ura a kan lokacin duniya na Greenwich, Windows kuwa tana ɗaukar abin da ta tarar a matsayin lokacin gari. Najeriya na gaban Greenwich da awa ɗaya. Saboda haka ka fito daga Linux ka shiga Windows, sai agogo ya koma baya da awa guda cur. Kana zaune kana jiran biyu ta yi ka tafi azahar, ashe uku ta kusa. Umarni ɗaya ake rubutawa a gyara shi, amma na ga wanda ya canza ɗan batirin agogo saboda wannan. Na biyu, tun daga Windows 8 akwai tsarin tashi da sauri, wanda in ka kashe kwamfuta ba ta mutuwa gaba ɗaya, rabin barci take yi tana riƙe da ma'ajiyarta. Ka shiga Linux ka nemi ajiye takarda a ɓangaren Windows sai ta ƙi, in kuma aka tilasta takardu su lalace. A kashe wannan tsarin tun ranar farko. Na uku shi ne mafi muni. Windows ba ta iya karanta irin rubutun da Linux ke yi a kashinta, don haka sai ta nuna shi babu suna babu harafi. Mai kwamfuta yana neman wurin zuba finafinai ya ga giga 60 a zaune, ya ce banza ce, ya share. Kashegari baƙin allo.

Ga kuma wutar lantarki. Raba ma'ajiya aiki ne da ba ya son a katse shi. Batirin tokunbo da yawa minti goma ba ya yi, kuma kowa a layin KEDCO ya san wuta ba ta sallama in za ta tafi. In ba ka da inbata ko sola ko janareto a kusa, kada ka fara. Sannan a lokacin sakawa, akwai allo ɗaya da ke tambaya ko a zauna tare da Windows ko a share ma'ajiyar baki ɗaya. Zaɓi biyun suna jere, ɗaya a kan ɗaya. A wannan allon ake karantawa sau biyu.

To wa ke buƙatar wannan wahala? Kaɗan ne, a ganina. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, ko wanda ke cikin shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a 2023 yana koyon rubuta manhaja ko tsaron intanet, lallai yana buƙatar sanin Linux. Amma ko shi akwai hanyoyi masu sauƙi. Tun 2016 Microsoft ta saka wani tsari mai suna WSL da ke tafiyar da Linux a cikin Windows ba tare da raba komai ba. Akwai VirtualBox, kyauta, wadda ke buɗe maka kwamfuta ta biyu a cikin taga, ka lalata ta sau ɗari ka goge ka sake, takardunka na gaskiya ba abin da ya same su. Tana dai son ram giga 8 ko fiye. Akwai kuma tashi daga filas kai tsaye: ka gwada Ubuntu ko Mint wuni guda, ka ga ko sauti da Wi-Fi da firinta na aiki, ka zare filas komai ya koma yadda yake. Mai laftof da ke da gurbin ma'ajiya biyu, ya sayi SSD ta biyu ya ba kowace tata, rigimar ta ragu ƙwarai.

'Yan samarinmu masu son Kali Linux, ku saurara da kyau. An gan ta a fim, baƙin allo da koren rubutu, kowa na so a ce masa gwanin kutse. Kali ta fito a 2013 don ƙwararrun masu gwajin tsaro, kuma masu yinta da kansu sun rubuta cewa ba su ba sabon shiga shawarar ya mayar da ita manhajar yau da kullum ba. Saka ta ba ya mayar da kai gwani. Gwada kayan cikinta a kan Wi-Fi ɗin maƙwabci kuma laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Ka fara da Mint ko Ubuntu, ka koyi umarnin rubutu, Kali ta jira ka a cikin VirtualBox.

Ga sauran jama'a, tambayar ita ce wace manhaja kake ci da ita. Mai shagon buga katin biki da ke rayuwa a kan CorelDRAW, mai zanen gida da AutoCAD, mai hoto da Photoshop, waɗannan ba su da sigar Linux, ku zauna a Windows, ku nemi na'urar da za ta ɗauki 11 in hali ya yi. Wanda kuwa aikinsa bai wuce burauza, imel, YouTube da rubuta wasiƙa ba, tsohuwar laftof ɗinsa za ta iya zama da Linux Mint ita kaɗai, da LibreOffice a madadin Word, ta ƙara shekaru tana aiki. Ubuntu kan fitar da siga mai dogon wa'adi duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, ana kula da ita shekara biyar kyauta. Ɗaya tak da ka sani ta fi biyu da kake tsoro.

Wani ya tambaya ko yawan fomat na cinye kwamfuta. Ba ya cinye ta. Sakawa ɗaya 'yan gomomin giga take rubutawa, SSD kuwa an yi ta ta jure rubutun gomomin terabayit, wata sama da ɗari. Abin da ke cinyewa shi ne lokacinka, datarka da takardunka. Har da ƙananan abubuwa: mu masu rubutu da Hausa, duk fomat sai allon rubutun Hausa ya tafi, ka koma rubuta kasa a inda kake nufin ƙasa. Yana nan cikin Windows, a saitin harshe ake ƙara shi, ɓ da ɗ da ƙ su dawo.

In kuma aikin gama ya gama, an share maka abu ba ka da kwafi, rufe kwamfutar nan take. Kada ka saka komai, kada ka sauko da komai. A kan tsohon had dis mai faifai, sharewar gaggawa ba ta goge takardun, jerin sunayensu kawai take cirewa, kuma manhajoji irin su PhotoRec da Recuva na iya tono su matuƙar ba a rubuta wani abu a kansu ba. A kan SSD fatan kaɗan ne, domin ita tana share abin da aka goge da kanta ba da daɗewa ba. Wannan bayanin yana da ɗaya fuskar: laftof ɗin da ka yi wa fomat ka sayar, mai saye na iya tono hotunan iyalinka. Ofisoshi da asibitoci da makarantu su lura, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora muku nauyin bayanan mutanen da ke hannunku. Kafin a sayar ko a kyautar, a yi sharewa mai zurfi, ko a cire had dis ɗin a riƙe. Haka in za ka kai gyara, kwafi biyu na abin da ba ka son rasawa, ɗaya a had dis na waje, ɗaya a Google Drive wanda ke ba da giga 15 kyauta. Ka buɗe kwafin ka tabbatar yana buɗuwa, sannan ka fita daga imel da WhatsApp na kwamfutar kafin ka miƙa ta.

Lokaci ya ƙwace mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batir da caja, da abin da ya sa cajar da aka saya a bakin titi ke sa linzamin laftof rawa. Mai tambaya ya aiko ta lambar gidan rediyon nan da aka saba.  

(Kiɗan rufe shiri)